Kyaftin Norvel da Takardar Turancin Jirgi

Duk wanda ya taɓa hawa panga, jirgin nan mai inji a baya, daga Bluefields zuwa Pearl Lagoon cikin shekaru talatin da suka wuce, da wuya a ce bai zauna a gaban Norvel Cuthbert ba. Dogon mutum ne siriri, mai furfura a gemu, kullum da hular da rana ta cinye launinta. Ba ya yawan magana da fasinja. Amma idan wani ya jefa ledar biskit a ruwa, sai ya rage gudun inji, ya juyo da jirgi, ya tsaya daidai ledar, ya zuba wa mutumin ido har sai ya miƙa hannu ya tsamo kayarsa. Mutane kan ce Kyaftin Norvel ya cika ƙyanƙyami. Matarsa, Mis Ilma, cewa take yi ba haka aka haife shi ba, duniya ce ta yi ta cusa masa ƙazanta a hanci.

A Pearl Lagoon, garin da ke bakin wani babban tafki, aka haife shi, a gidan katako da ke tsaye bisa turaku a bayan coci. Ubansa, Mista Aldrick, masassaƙin kwalekwale ne, yana kuma kamun jatan lande. Tun Norvel bai iya ɗaura wando ba, ya iya kwarfe ruwa daga cikin kwalekwale da ƙoƙon kwakwa. Da Turanci ya tashi kamar kowa a garin, irin Turancin bakin teku da kakanni suka bari. Da shi ake zagi, da shi ake addu'a, da shi ake kiran kare. Makaranta kuwa da Sifaniyanci ake yin ta, malaman ma daga can ɓangaren babban birni ake turo su. Wanda ya yi maganar gida a aji sai ya sha rula a tafin hannu. Norvel ya sha ta har aji huɗu, sannan ya ce ya ƙoshi, ya koma ruwa. Haka ya girma yana magana da harshen da bai iya rubutawa ba, yana ɗan rubuta wanda ba ya so.

Yana da shekara ashirin da huɗu ya bi sahun samarin garin, ya sami aiki a manyan jiragen nan na 'yan yawon shaƙatawa. A zatonsa, wanda ya san iska da ruwa kamarsa, ko ba a ba shi tuƙi ba ai za a bar shi ya riƙe igiya. Ranar farko aka miƙa masa bokiti da burushi da safar hannu ta roba, aka gangara da shi hawa na can ƙasa. Shekara shida yana wanke bayan gida. Mutane su ci har su kasa numfashi, su sha har su manta lambar ɗakinsu, su kwarara amai a kan kafet, a buga masa ƙararrawa. Abincin da ake zubarwa a yini guda ya isa unguwarsu ta ci mako. Teku kuwa, sai ta wata 'yar taga mai faɗin faranti yake ganinta. Har yau idan ya ji sabulun nan mai warin lemon tsami, sai miyau ya tarar masa a baki ya nemi wurin tofarwa.

Da ya dawo ya sayi panga, ya sa mata sunan uwarsa, Adina, ya auri Mis Ilma mai gasa burodin kwakwa, ya shiga jigila. Buhunan shinkafa, tukwanen gas, siminti, aladu, mace mai naƙuda, gawa a cikin akwati, babu abin da Adina ba ta ɗauka ba. Ya san duk inda rafi ya karkace, ya san inda yashi ke taruwa bayan damina, ya san kututturen da ke kwance ƙarƙashin ruwa kusa da Kukra Hill tun kafin a haifi rabin fasinjojinsa.

Yana da shekara sittin da ɗaya wani mutumin babban birni, Don Fabricio, ya gina masauki a bakin tafkin, ya sayo fararen panga uku don kai baƙi tsibiran da ke cikin teku. Ya sa aka yi shela cewa yana neman matuƙa, amma da sharaɗi: sai mutum ya zauna darasin mako biyu na Turancin harkar jirgi, ya ci jarrabawa, ya sami takarda.

Mis Ilma ce ta matsa masa. Tana shafa masa man zafi a baya ta ce, "Ka je mana. Bature ba buhun siminti ba ne, da ƙafarsa zai hau da ƙafarsa zai sauka. Ko so kake sai bayan nan ya tsinke a ɗauko mini kai a kan ƙyaure?"

"Turanci za a koya mini? Ni?"

"To ka je ka koya musu. Ni dai ka je."

A makarantar firamare aka yi darasin, da yamma bayan yara sun tashi. Manyan maza goma sha ɗaya a kan kujerun yara, gwiwoyinsu na neman taɓa haɓa. Bakwai daga cikinsu da Turanci aka yi musu wasan jarirai. Malamin, Profe Yáder, saurayi ne mai takalmi kamar madubi, da turaren da ke riga shi shiga aji. Ta sabon titi ya zo a mota, kuma a ranar farko da bakinsa ya faɗa cewa shi ruwa ba ya yi masa. Ya raba takardu masu hoton wani jirgin da ba wanda ya taɓa ganin irinsa a tafkin, an ja kibiyoyi an rubuta sunaye. Ya buɗe baki ya yi gaisuwa da Turanci, aka kalli juna. Mista Granvil, abokin Norvel tun ƙuruciya, ya sunkuyo ya ce, "Wannan da wane harshe yake yi? Ko haƙori ne ke damunsa?"

Da malamin ya ga ba wanda ya gane, sai ya koma Sifaniyanci. Da shi aka ƙarasa mako biyun.

"Idan za ku saki anka, ƙarfen nan da ke tsayar da jirgi, abin da za ku ce shi ne *drop anchor*. Ku maimaita."

Aka maimaita, ban da Norvel.

"Don Norvel, ban ji muryarka ba," in ji malamin, yana sa masa laƙabin girmamawa na Sifaniyanci.

"Profe, mu nan *let go* muke cewa. Kalma biyu gajeru, ko cikin hadari mutum zai ji."

Malamin ya duba takardarsa, ya juya bayanta. "Babu shi a nan."

"Akwai shi a ruwa."

Aji ya fashe da dariya. Profe Yáder ya yi murmushin da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa, ya ci gaba. Washegari aka zo kan yadda ake ambaton jirgi. A bakin Norvel, da na ubansa, da na duk wanda ya taɓa riƙe filafili a gaɓar nan, jirgi mace ce, ita ake cewa. Malamin ya ce kuskure ne, jirgi abu ne mara rai, kalmar da ake yi wa tebur da kujera ita za a yi masa.

"Tebur?" in ji Norvel. "Profe, tebur ya taɓa fito da kai daga bakin teku ruwa na dukan ƙirjinka?"

"Don Norvel, ni ƙa'ida nake koyarwa. Kada ranka ya ɓaci, amma abin da kuke yi a nan ba Turanci ba ne sosai. Fasasshe ne. Baƙo ba zai gane ba. Shi ya sa aka kawo ni."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Norvel ya dubi yaron, ya dubi tsaftatattun faratansa, ya tuna uwarsa da ta rera waƙoƙin coci da wannan harshen har ranar da numfashi ya ƙare mata. Ya yi niyyar tashi. Granvil ya danne masa gwiwa ya ce a hankali, "Zauna, ɗan'uwa. Saura kwana tara. Ka tuna Ilma da muciyarta."

Ya zauna. Ya haɗiye kwana taran kamar mai shan maganin tsutsar ciki. A mako na biyu ma sai darasin ya bar ruwa gaba ɗaya, aka shiga maganganun da ke ambaton jirgi alhali ba jirgi ake nufi ba. Malamin ya rubuta *miss the boat* a allo, ya ce ma'anarsa dama ta kuɓuce wa mutum, kuma baƙi suna jin daɗi idan matuƙi ya jefa irin wannan cikin hira.

Granvil ya ɗaga hannu. "Profe, idan baƙon ya makara da gaske, jirgi ya tashi ya bar shi a tasha fa? Me za mu ce masa?"

Malamin ya duba takarda.

"Babu shi a nan," in ji aji baki ɗaya.

Jarrabawar a rubuce aka yi ta. Jimloli ne da giɓi, a cike. Norvel ya san amsar kowace, amma fensir ya ƙi bin bakinsa. Ya rubuta kalmomin yadda kunnensa ke jin su, da haruffan da aka koya masa a aji huɗu. Gumi ya jiƙa takardar. Bayan kwana uku aka tara su a masaukin, aka jera kujeru, aka kawo mai ɗaukar hoto. Mutum huɗu suka ci. Na ɗaya shi ne Bayardo, wani mai shekara talatin da biyar da ya bar tuƙin tasi a Juigalpa, can nesa da ruwa, ya zo gaɓa wata huɗu da suka wuce, ya haddace takardun kaf har da lambar shafi. Daga cikin bakwai ɗin da suka sha Turanci a nono, ɗaya tak ya tsallake. Aka miƙa wa Norvel takardarsa, jan biro ya yi mata kaca-kaca kamar an yanka kaza a kai.

Ya kai wa Mis Ilma ya ajiye a kan teburin kwaɓin burodi. Ta goge hannu ta ɗauka, ta daɗe tana kallo.

"Wato kai ne ba ka iya Turanci ba."

"Haka aka ce."

"Shi kuma mai tasin ya iya."

"Har da hoto."

Ta yi tsaki mai tsawo, ta ninke takardar ta cusa a murhu. "Laifina ne da na tura ka. Zo ka ci abinci."

Ya koma kan siminti da aladu. Idan fararen jiragen suka wuce shi da kiɗa, baƙi na ɗaga masa hannu, ko kallo ba ya yi. Sau ɗaya ya bi ta tsibiran don kai wa masu gadin kwakwa ruwan sha, ya tarar da bakin yashin da kififfiya ke zuwa yin ƙwai cike da gwangwanaye da cokulan roba da ƙunzugun jarirai. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Wata uku bayan jarrabawar, wata safiyar Talata, ya ɗauko kaya zai kai Tasbapauni ta bakin teku: shinkafa, tukwanen gas shida, alade ɗaure a buhu, da wata tsohuwa, Mis Pearline, da ke komawa gida daga asibiti. Ruwa na janyewa, iska na busowa daga gabas. A daidai inda tafki ke haɗuwa da teku, wurin da yashi ke kwance kamar bayan kada, ya hango farar panga ta kafe. Ta ba raƙuman ruwa gefenta, kowanne ya zo sai ya ɗaga ta ya maka. Baƙi takwas a ciki suna ihu. Bayardo na tsaye a baya cikin farar riga, yana ta ƙwala musu jimlolin da ya haddace, ɗaya bayan ɗaya kamar mai karatun allo. Abin da ya fi ɓata wa Norvel rai, mutumin ya saki anka, kuma a bayan jirgin ya ɗaure ta, igiyar na jan gindin jirgin ƙasa, ruwa na shiga.

Norvel ya rage gudu. Ya tsaya yana kallo, haɓarsa na motsi.

"Me kake jira?" in ji Mis Pearline.

"Yana da takarda, Mis Pearline. Ni ba ni da ita."

"Norvel Cuthbert! Na san uwarka, na san ranar da aka haife ka. Ka juya jirgin nan ko in ƙwace injin in juya da kaina!"

Da ma hannunsa ya riga ya fara juyawa. Ya zagaya ta inda ruwa ke da duhu, ya matso har inda Adina za ta iya ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ya miƙe tsaye ya buɗe murya. Da Sifaniyanci ya fara, don Bayardo: "Yanke igiyar ankan nan, sakarai! Yanke!" Sannan ya juya ga baƙin da Turancinsa na gida, wanda aka ce fasasshe ne. Ya ce maza huɗu su dira, ruwan iya ƙugu ne, su kama gefen da ke kallon teku. Mata su koma tsakiya su zauna a ƙasa. Ke mai jar hula, ɗauki bokitin can ki yi ta kwarfa, kada ki tsaya. Ba wanda ya ce me ka ce. Kafin ya rufe baki maza sun dira, mai jar hula ta kama bokiti.

Ya jefa igiya, wani ƙaton baƙo ya cafe ya ɗaure a goshin jirgin. Norvel ya jira raƙumi ya ɗaga farar pangar, ya ba inji wuta. Karo na farko ba ta motsa ba. Karo na biyu ta ja jiki kaɗan. A na uku igiyar ta zame daga inda ya naɗe ta, ta kama masa yatsu biyu na hagu ta matse da katako. Ya ji ƙas, amma bai saki inji ba. Farar pangar ta suɓuto cikin zurfi kamar an zare haƙori.

Da aka kai su ruwa mai kwanciya, baƙin suka yi ta tafi. Wata ta sunkuya ta amayar da karin kumallonta, iska ta kwaso rabi ta watsa a kan buhunan shinkafarsa. Norvel ya dubi shinkafar, ya dubi yatsunsa da suka karkace, ya kwance igiyarsa. Mis Pearline ce ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure masa hannun, da haka ya kai ta gida.

Ranar Alhamis Don Fabricio ya zo gidan da kansa. Mis Ilma ta ba shi kujera a baranda, ta kawo masa kofi da burodi mai zafi. Ya yi godiya mai tsawo, ya yaba burodin, sannan ya zaro takarda daga jaka. Takardar shaida ce, da hatimi, da sunan Norvel an buga da manyan haruffa.

"Ba sai ka sake jarrabawa ba, Kyaftin. An gyara komai. Litinin za ka fara."

Norvel ya karɓa da hannun da ke da lafiya. "Profe ya sa hannu, na gani. Yaushe Turancin nawa ya warke?"

Don Fabricio ya yi dariya, ya fito da waya. "Ai ba ka sani ba. Ɗaya daga cikin baƙin ta ɗauki abin da ya faru. Dubi yawan waɗanda suka kalla! Maganarka ce ta kashe su. Sun ce kamar a fim ɗin 'yan fashin teku. Saboda haka kada ka canza komai, ka ma ƙara mata gishiri. Za mu ɗinka maka riga da hula ta musamman. Idan an isa tsibiri sai ka ɗan yi musu irin tsawar nan, su ɗauka."

Norvel ya kalli kansa a cikin wayar, ƙarami, yana ihu, an manna wasu fuskoki masu dariya a ƙasan hoton. Yatsunsa na zogi. Ya ji kamar ya taka wani abu mai laushi da ƙafa ba takalmi.

"Wata uku da suka wuce maganata shara ce," in ji shi. "Yau ta zama biri a kan igiya."

"Haba Kyaftin, ba haka nake nufi ba."

"Don Fabricio, ka sha kofinka, gidana ka zo. Amma ɗauki takardarka. Idan kana da sauran hatimi, ka buga wa wanda zai je ya kwashe ƙazantar da mutanenka suka zuba a tsibiri."

Da mutumin ya tafi, Mis Ilma ta tattara kofin. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ciwon bayan naka fa?"

"Zai yi abin da zai yi."

"To. Da ka karɓa ma da ni zan yaga hular."

Wanda bai zata ba shi ne Bayardo. Bayan mako guda ya same shi a tasha da sassafe, ba farar riga, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce tun ranar nan tsoron bakin teku yake ji. Ya ce yana da 'ya'ya uku a Juigalpa, kuma shi bai taɓa cewa ya fi kowa ba, takarda aka ce a haddace ya haddace. Ya roƙi a nuna masa hanyar ruwan.

Norvel ya daɗe yana duban sa sama da ƙasa. "Ba don kai ba," in ji shi. "Don kada wata rana in tsamo gawar mutane ne. Hau. Kuma idan ka buɗe baki ka yi mini Turancin Profe, a tsakiyar tafki zan sauke ka."

Kwana biyar yana fita da shi da safe. Ya nuna masa yadda launin ruwa ke sauyawa a kan yashi, da yadda ake ƙirga raƙuma a jira mai laushi, da itacen kwakwar da ake saitawa da hasumiyar coci kafin a juya. Ya zage shi da harshe biyu. Bayardo ya koya daidai gwargwado, ya yi shekara guda bai sake kafewa ba, sannan matarsa ta kira shi ya koma tasi.

Yatsun Norvel ba su miƙe ba, likitan Bluefields ya ce an makara. Ya ci gaba da jigila har bara, da yanar ido ta fara rufe masa gani. Yanzu 'yarsa ta biyu, Shanira, ita ke riƙe injin Adina, Talata da Juma'a. Shi kuma yana zama a goshin jirgi bisa tukunyar gas, ya juya wa fasinja baya, yana sauraron yadda ruwa ke bugun katako. Idan ya ɗaga hannun dama ta karkata dama, idan ya sauke ta ba inji wuta.